Baba ya nemi ƙarin tuwo

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Makera lafiya lau, alhamdu lillahi.

Albishirinki, Baba ya fara cin abinci. Tun da aka sallamo shi daga asibiti ko kunu sai da lallashi yake sha. Ranar Laraba maƙwabciyarmu Maman Chinedu ta sayo ɗinya a Narayi, ta ɗibar mana. Baba na ganinta ya tashi zaune, ya ce, "Ɗinya ce? Da ɓawon itacenta Inna take mana maganin ciwon ciki muna yara." Ya yi ta sha har leɓensa ya yi baƙi.

Na so in nemo ɓawon in dafa masa, amma likita ya ce a tsaya a 'ya'yan, kada a haɗa ɓawon da magungunansa. Sai na yi masa maɗi da ɗinyar. Jiya da bakinsa ya ce in tuƙa tuwo, ya cinye har ya nemi ƙari.

Ki ci gaba da sa shi a addu'a. A gaishe min da Alhaji da su Ummi.

Ƙanwarki,
Rabi