Mista Sanda da Jikana

Talata, 7 ga Yuni, 1977
'Yata Sakinatu ta sauka. Namiji. Biyun farko da ta haifa suna makabartar Malumfashi. Ban shiga na gan shi ba. A saba, a rabu, na gaji.

Alhamis, 9 ga Yuni
Hajo ta ce Ajuji za a riƙa kiransa, wai mutuwa ta zaci shara ce ta wuce. Na ce, "Ni da na yi makarantar Midil, jikana a juji?" Ta ce, "Midil ɗin ta raya maka biyun, Malam?" Shekara talatin da aure, bakinta bai dushe ba. Ban ci tuwonta ba.

Asabar, 11 ga Yuni
Kafur, duba gonakin auduga da Ba'amurken da nake wa tafinta. Abin da karatuna ya ƙare a kai ke nan. Yara na ta ihun "Bature!" Ya ce in gaya musu shi ba Bature ba ne, Ceroki ne, mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar suka kora. Ban fassara ba. Wa zai yarda?

A mota ya ce sunan kakan kakansa na nufin sandar dogarawa. Akawun gwamnati ya kasa faɗa, ya juya shi Turanci, ya zauna musu. Na yi dariya, abin da na daɗe ban yi ba. Ni ma Ummaru, Sanda ake ce mini.

Wai a wurinsu kaka ce ke raɗa suna. Kuma in ciwo ya ƙi magani, a kai mutum rafi a sake masa suna, ciwon ya nemi mai tsohon sunan ya rasa. Shi ma an yi masa yana yaro, ya koma Awi, wato barewa. Na ce, "Da digirinka ka yarda da wannan?" Ya ce, "Ban sani ba. Ga ni dai."

Talata, 14 ga Yuni
An raɗa masa suna Shitu. Hajo ta ɗora shi a juji ta ɗauke. Na kalli katanga.

Lahadi, 3 ga Yuli
Zazzaɓi. Ya ƙi nono. Haka na biyun ya fara.

Laraba, 6 ga Yuli
Jikin ya yi sanyi, ya sha nono. Allurar asibiti ce, ba wani abu ba. Na ɗauke shi, ba nauyi, ya kama mini gemu. Hajo na ta murmushi, wai ta ji na kira shi Ajuji. Kunnenta ya tsufa.