Gansakuka a Tagar Umma

Litinin, 3 ga Maris
An rufe ɗakin bincike, sati biyu za a yi ana gyaran rufi. Na kwaso kwalabena shida na jera a tagar falo, gefen tukwanen furen wardin Umma. Shekara uku ina renon gansakukar nan ta ruwan tafki. In ta mutu, digirina ya bi ta.

Umma ta leƙa, ta ce ashe ruwan kwata aka tura ni jami'a in karanto. Na ce don Allah kada ta taɓa.

Laraba, 5 ga Maris
Na yi mata bayani: wannan ba tsiro ba ce, bakteriya ce. Ba saiwa, ba ganye, ba fure. Haske da ruwa sun ishe ta, in ta so haihuwa sai ta rabe biyu. Tun babu itace ko ɗaya a duniya take fitar da iskar da muke shaƙa, ba ta taɓa neman yabo ba. Wardi kuwa sai ado da turare, duk don ƙudan zuma ya kula shi.

Umma ta ce, "Shi ya sa kuka shaƙu."

Asabar, 8 ga Maris
Kwalba biyu sun koma ruwan ɗorawa. Na auna duk abin da ake aunawa. Ban ci abincin rana ba.

Talata, 11 ga Maris
Kore ya fara dawowa. Ban san dalili ba, kuma na tsani rashin sanin dalili.

Alhamis, 13 ga Maris
An soke lacca, na dawo da hantsi. Na tarar da Umma tana kwashe kwalabena zuwa bayan labule, ɗaya bayan ɗaya, da hannu biyu, kamar mai ɗaukar jariri. Ko kunyar kamu ba ta ji ba.

"Rana ce ta yi musu yawa, Dakta. Ko wardi, sabon dashe ba a barinsa a tsananin rana. Mai rai ai mai rai ne."

Akwai wannan a littattafaina, da dogon suna. Ni da na haddace sunan ban gan shi a taga ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Duk shida kore shar. Na tambaye ta ƙarfe nawa take janye su. Ta ce ita ba ta duba agogo, sai inuwar taga ta taɓa ƙafar kujera.

Haka na rubuta a littafin bincike. Gobe zan zauna kusa da ita mu jira inuwar. Don aunawa kawai.