Gonar Baba ta bakin titi

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya ruwan Fatakwal? Ina fata gwiwar nan ta sake ka, kuma iyali suna lafiya. Mu nan Kalgo sai godiya.

Abin da ka ji gaskiya ne, gwamnati ta karɓi gonar Baba ta bakin titi, za a faɗaɗa mararraba. An biya diyya, ba a cuce mu ba. Amma ranar da aka kafa turaku abinci ya gagare ni. Na tuna shekarun da Baba ya yi yana saukar da Fulani da shanunsu a wurin, har ƙasar ta yi baƙi wuluk.

Sai na tari injiniyan aikin, wani mutumin Zuru, na ce, "Ranka ya daɗe, fili kuka saya ko taki?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam, ƙasar saman nan kankarewa za mu yi mu zubar. Kwalta ba ta son ta."

Ya sa mai katafila ya tara mana ita a gefe. Kwana tara muna jido da amalanken shanu zuwa gonarmu ta tudu, mai yashin nan, mutane suna ta yi mana dariya. Yanzu dawar wurin ta wuce kaina, masu dariyar kuwa sun koma zuwa kallo.

Ka taya mu addu'a damina ta ƙare lafiya. Ka gaida Yaya Hauwa da yara. Inna ta je Gwandu suna, ta bar maka gaisuwa.

Kar ka ƙara cewa gonar Baba ta tafi, Yaya. Ƙaura ta yi.

Ƙaninka,
Umaru