Rasuwar Saje Dallatu Jumare, Wanda Ya Zare Mana Ƙusoshin Takalmi

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji Ma'aikatan Man Fetur, reshen Abuja, ta samu labarin rasuwar shugabanta kuma ubanta, Malam Dallatu Jumare, Saje mai ritaya, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata a gidansa da ke Tungan Maje bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ɗan makiyaya ne da ya bar sanda ya ɗauki bindiga, ya tuƙa motar soja a yaƙin Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, ya sake tuƙa ta a yaƙin basasa, kafin a sallame shi ya kama tuƙin tankar mai a ma'ajiyar da ke hanyar Zuba. A bariki an koya mana bin umarni ba tare da tambaya ba, amma Saje Dallatu bai taɓa iya wannan darasin ba. Shi ne mai tare injiniya ya tambaye shi daga ina man ke fitowa, wa ya zuba shi a ƙarƙashin ƙasa, kuma idan ya ƙare me za mu ɗauko. Da yawanmu mun sha sauya hanya idan muka hango shi, domin mun san akwai tambaya a bakinsa.

Wannan hali da muke yi wa dariya shi ya tsare mana abincinmu. A shekarar da muka fara aiki wuta ta yi ta tashi a bakin tanka lokacin lodi, kuma kullum sai an samu tsohon soja ne a saman tankar. Kamfani ya ce muna shan taba a ɓoye, ya kuma sanar cewa in aka sake, zai sallame mu duka, ba zai ƙara ɗaukar wanda ya taɓa sa kaki ba. Mu rantsuwa muka yi ta yi, shi kuwa marigayin ya tsuguna a gindin tanka yana kallon ƙafafunmu, har ya gano cewa takalman da muka baro bariki da su, waɗanda muke gogewa kowace safiya muna taƙama, ƙusoshinsu ne ke ƙyasta tartsatsi a kan ƙarfe. Laifin namu ne, kuma mun ji kunya ƙwarai.

Raba soja da ƙarar takalminsa ba ƙaramin abu ba ne. Kofur Philip Yamusa ya rantse a gaban kowa cewa ƙusoshin da suka taka fagen daga ba za a zare su don manaja ba. Marigayin bai yi musu da shi ba, ya zauna ya zare nasa da filaya, ya zuba a gwangwani, ya hau tanka shiru kamar mai shiga masallaci. Kafin mako ya zagayo Kofur Philip da kansa ya miƙa ƙafa. Tun daga nan duk sabon zuwa sai ya fara zama gaban Saje da filayarsa, kuma ba a ƙara jin wuta ba.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa, Malama Mero, da 'ya'yansa Maude da Uwani, da Mai Girma Dagacin Tungan Maje, da dukkan 'yan uwa Musulmi da Kirista da suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shi. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙurin wannan babban rashi. Mu ma marayu ne.

Muna kuma sanar da mambobi abin da Malama Mero ta shaida mana. A ranarsa ta ƙarshe marigayin ya ji cewa wasu sababbin sallamammun sojoji za su fara lodi ranar Litinin, sai ya tambaye ta ko akwai wanda ya duba ƙafafunsu. Babu wanda ya duba, mun manta. Ta kawo mana filayar da gwangwanin, Kofur Philip Yamusa ya karɓa, kuma zai tsaya a ƙofar ma'ajiya tun kafin a buɗe.

Sa hannu:
Samanja Andrew Mato (mai ritaya)
Sakataren Watsa Labarai, a madadin Ƙungiya
Abuja, Nuwamba 1974