Ƙanwata ba ta kallon takardun da nake juya mata

Madam Honorine, don Allah ki ba ni shawara. Abin ya tsaya mini a rai, kuma duk wanda zan faɗa wa a nan ya san mai shi.

Ƙanwata mawaƙiya ce. Ba zan faɗi sunan da ke jikin faya-fayanta ba, zan kira ta da na gida, Soizic. Mu biyu mahaifinmu ya sa a makarantar kiɗa a birnin Rennes. Ni na iya karanta rubutaccen kiɗa kamar jarida, amma yatsuna ba su taɓa sa kowa hawaye ba. Ita kuwa tun tana ƙarama ake cewa za ta yi nisa. Da ta gama, sai ta ɗauki kiɗan nan na dā, na piyano da goge, ta ɗora masa waƙoƙinta na soyayya, ta ƙara ganga da jita. Malamanta suka ce ta zubar da mutuncin sana'a, mutanen rediyo suka ce kiɗan ya yi nauyi, ba mai rawa da shi. Ta sha wuya kafin a karɓe ta, kuma tare muka sha wuyar, har da kwana a mota da cin busasshen burodi.

Aikina shi ne juya mata takarda. Ina zama a hagunta cikin baƙaƙen kaya ina bin layi da ido. In ta kusa ƙarshen shafi sai ta ɗan gyaɗa kai, in miƙe, in kama kusurwar sama, in juya, in zauna. Mai juya takarda ba ta rusunawa in ana tafi, ba a kuma buga sunanta. Wannan bai taɓa damuna ba, domin a raina na san in ba ni waƙar za ta tsaya a tsakiya. Fiye da shekara ashirin ke nan da wannan tunanin nake tashi.

Bana hannuwana suka fara rawa. Da sanyin nan a Nantes, zaure cike, na haɗa shafi biyu na juya. Na kasa gyarawa. Soizic ko gezau, ta ci gaba ba kuskure ko ɗaya, har ta gyaɗa mini kai daidai inda ta saba, alhali takardar da ke gabanta ta wani wurin ce daban.

Da aka tashi na tsaya a bayan dandamali. Gwenaël mai goge ya zo yana dariya ya ce, "Haba Yaya, kwantar da hankalinki. Ko takardar naɗe kifi kika ɗora mata ba za ta lura ba. Rabonta da kallon takarda tun kafin in shigo ƙungiyar nan." Don ya ƙara lallashina ya ce manajanta ya daɗe yana so a ɗauke kujerata, wai tana ɓata tsarin fitilu, Soizic ce ta ƙi. Wai ta ce tunda mijina ya rasu ba za ta bar ni in zauna ni kaɗai a gida ba.

Madam, ashe kowa ya sani, har masu ɗaukar kaya. Ni kaɗai nake miƙewa ina zama da muhimmancina, kamar yarinyar da aka ba wa cokali ta juya tukunyar da babu komai a ciki. Kunya ta kama ni, ba kunyar kuskuren ba, kunyar shekarun. Na hau jirgin ƙasa na dawo gida Douarnenez ban yi mata sallama ba. Tana kira ba na ɗauka. Ina dafa miyar mutum biyu saboda sabo, in zubar da rabi. Rannan a kantin burodi aka sa waƙarta, na tsinci hannuna yana ɗagawa a inda ake juya shafi, na fito ban sayi komai ba.

Da bazara za ta yi wasa a Quimper da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, abin da take mafarki tun muna yara. Ta aiko cewa kujerata tana nan. In je in ci gaba da karɓar sadaka, ko in ƙi in rasa ƙanwata? Ita kaɗai ta rage mini.

Mai kujerar hagu, Douarnenez

*

Baiwar Allah, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan ce miki ba komai ba ne. An ɓoye miki gaskiya game da aikinki, kika ji ta a bakin wani cikin dariya. Wannan ciwo ne, kuma ƙanwarki tana da laifi a ciki. Babbar mace ce ke, kin cancanci a zaunar da ke a faɗa miki.

Amma ki lura, duk abin da kika sani daga bakin Gwenaël ya fito, shi kuma abin da aka faɗa wa manaja ya ji. Mutum yakan ba manaja dalilin da zai rufe masa baki, ba lallai na zuciya ba. Ya fi sauƙi ta ce yayata ce ke bukatata, da ta ce ni ce ba na iya fuskantar jama'a sai da ita a gefena. Na san mawaƙa da dama, manyansu ma suna fargaba kafin a ɗaga labule. Ban ce haka ne ba. Mai yiwuwa tausayi ne, mai yiwuwa bukata ce, na fi zaton duka biyun ne a cakuɗe. Ita kaɗai ta sani, ke kuma kin hana ta magana.

Ga abin da za ki yi. Ki kira ta a wannan makon, kada ki jira bazara. Ku haɗu a gida, ba a wurin aiki ba, ki faɗa mata abin da kika ji da yadda ya yi miki zafi, sannan ki yi shiru ki saurara. Ki kuma kai hannuwan nan wurin likita, kin ambace su kin wuce kamar ba naki ba.

Zancen aikin kuwa, ban ba ki shawarar ki koma ba. Kin riga kin sani, kuma in kin koma kullum da zargi za ki zauna. Aikin ya ƙare, ki yi kukansa, ya cancanci kuka. Zumuncin ne bai ƙare ba.

Quimper kam ki je. Ki ce ta ajiye miki wuri a layin gaba cikin 'yan kallo, ki sa kaya masu launi. Duk tsawon shekarun nan kunnenta na hagu kawai kike gani, kuma ke kaɗai ce a zauren da ba a yarda ta yi tafi ba. Ki je ki ga fuskar ƙanwarki tana waƙa, ki tafa mata har hannuwan su gaji.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninku.

Honorine