Amfilifayar Kawu

Zuwa ga Kawuna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo. Inna tana gaishe ka, ta ce ƙanin nata ya manta da ita.

Kawu, ina cikin matsala. Ranar Litinin muka shiga situdiyo don ɗaukar faifanmu na farko. Ƙarti huɗu ne suka hau bene da Giwa, babbar amfilifayar nan mai ƙara sautin jita da ka ba ni, suna nishi suna tsine mini a ransu. Na jona jitata, na bar kwalaben cikinta suka ɗau zafi, na kaɗa. Injiniyan sauti ya cire abin kunnensa ya ce, "Malama, wannan ta filin wasa ce. In kin rage ta, muryarta kamar sauro. In kin ƙure ta, har gangunan ɗakin rawa suke." Sai ya jawo wata 'yar mitsitsiya, ba ta fi akwatin keken ɗinki ba, wai da ita zan yi.

Na ce Allah ya kiyaye. Na gaya masa da Giwa kawuna ya yi faifansa, kuma amon nan na taso ina ji tun ban kai tsawon jita ba. Muka yi ta ja har mawaƙinmu ya ce in ba mu daidaita ba zuwa Alhamis ta sama, zai nemo wani makaɗin.

Don Allah rubuto mini yadda ka saita maɓallanta a ranar. Ina so in rufe wa mutumin nan baki.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Autar Yaya

*

Zuwa ga Autar Yaya,

Bayan gaisuwa da addu'a, takardarki ta same mu lafiya. Ki ce wa Yaya ban manta da ita ba, tsoron faɗanta nake.

To, ki nemi wuri ki zauna. Giwa ba ta taɓa shiga situdiyo ba. Ranar da muka je, ƙofar ɗakin ta yi mata kaɗan. Muka juya ta ta kowace fuska, har muka ɓalle marfin ƙofar, ta ƙi. A tsakar gida ta wuni an rufa mata tabarma. Abin da kika taso kina ji, wata 'yar ƙarama ce ta mai situdiyon, wadda ya ɗora a kan kujera. Hoton bangon faifan ne kawai na ɗauka ina zaune a kan Giwa, don na fi kyau a haka. Ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban ga dalilin tona wa kaina asiri ba.

Injiniyanki yana da gaskiya. A fili, jikin mutane da iska suna shanye sauti, dole ki zo da mai ƙarfi. Amma makirufo kunnen jariri gare shi, ba ya son tsawa. Ki ƙure ƙaramar har sai muryarta ta fara dishewa kaɗan, can daɗin yake. A kauce wa tsakiyar sifikar da makirufon kamar faɗin yatsa biyu. Sauran aikin na hannunki ne.

Ki ba mutumin haƙuri. Kada ki rasa aikinki saboda ƙaryar tsoho.

Naki,
Kawu

*

Kawuna,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka sau uku. Da farko na ji haushi, daga baya na yi dariya har Inna ta leƙo ta ga ko lafiya.

Na je na ba injiniya haƙuri, har na karanta masa wajen ɓalle ƙofa. Ya ce shi ma tun yana saurayi yake da faifanka, kuma ya daɗe yana zargin haka. Muka yi yadda ka ce. Da ya sako mini abin da muka ɗauka, sai da na fita waje na share hawaye. Kawu, ban taɓa jin yatsuna ba sai ranar. Ashe duk shekarun nan ƙara ce take rufa mini asiri. Na ji inda nake gaggawa, na ji inda nake danne tsirkiya fiye da kima. Waƙa ɗaya sai da na maimaita ta sau goma sha ɗaya, kuma ba wanda ya sa ni. Mawaƙinmu bai sake zancen wani makaɗi ba.

Yanzu ga tawa tambayar, kuma kada ka mayar da ita wasa. Inna ta ce ba ƙin waya kake ba, ji ne ba ka yi. Ta ce shi ya sa ka ajiye kiɗa, shi ya sa kake ce mana takarda ta fi mutunci. Gaskiya ne?

Wata mai zuwa za mu ƙaddamar da faifan a babban fili. Giwa za ta hau dandamali. Ina so ka zo mu yi waƙa ɗaya tare.

'Yarka

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ba ta iya riƙe magana ba tun muna yara.

Gaskiya ne. Kunnen hagu ya tafi, na dama kuma fito yake mini ba dare ba rana. Shekara ashirin da biyu ina tsayawa dab da bakin Giwa, don ina son in ji ta a ƙirjina. Ranar da na gane ina kiɗa a wani layi, mawaƙi yana wani, jama'a suna kallon juna, ranar na rataye jitar. Na ce wa kowa gajiya ce.

Na ba ki Giwa ban gaya miki wannan ba, kuma wannan ya fi batun hoto nauyi a raina. Ki yafe mini. Kada ki tsaya a gabanta. Ki koma gefe, ki sa abin toshe kunne irin na makaɗa, ko da abokanki za su yi miki dariya.

Gwaggonki ta karanta takardarki, ta ɗauki mayafi ta ce in tashi mu je asibiti. Likita ya ce kunnen daman zai iya amfana da na'urar ji. Batun zuwa kuwa, ban yi alkawari ba. Shekara tara ban taɓa tsirkiya ba.

Kawunki

*

Auta,

An sa mini na'urar jiya. Abin da na fara ji da muka dawo gida shi ne famfon madafa yana ɗiga. Gwaggonki ta ce shekara uku ke nan tana gaya mini. Na gyara shi.

Na sauke jitar. Yatsuna duk sun yi ƙuna, amma suna tunawa. Zaɓi waƙa mai tafiya a hankali, ki aiko mini da sunanta.

Muna tafe, mu biyu.

Kawu