Mai Gadin Takalma

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin titin nan naku da ba ya ƙarewa. Mu ma lafiya lau, sai zafi da ya sako mu gaba. Tun da wayarka ba ta shiga sai ka hau kan dutse, na ce bari in koma wa takarda da biro.

Yaya, ba zan yi maka kwana-kwana ba, idon Inna ya ƙara ja baya. Shekaranjiya ina kan keken ɗinki na miƙa mata allura ta zura mini zare, ta juya ta, ta sake juyawa, sannan ta ce wai allurar ce ba a huda ba. Likita ya ce jijiyar ce ta gaji, ba yanar ido ba ce balle a cire. Ɗan ganin da ya rage mata, da wuya ya kai zafin baɗi.

Da muka dawo daga asibiti ta zauna bakin gado tana fifita, can sai ta ce, “Auta, ko tafkin nan yana nan kuwa?”

Ka tuna ai. Ranar da kamfanin sabulun su Baba kan ba da bas a kwashi iyalan ma'aikata zuwa ɗan garin nan na bakin tafki, sau ɗaya a shekara, tsakiyar zafi. Ni abin da na riƙe kaɗan ne, don ina ƙarama. Ina tuna burodi da dafaffen ƙwai, da 'yan biyu suna dambe a kan kujerar taga, da kai kana amai a leda kana rantsuwa ba kai ba ne.

Na yi magana da 'yan biyu, za su zo da yaransu mu kai ta Asabar ɗin ƙarshen wata. Saura kai. Rabonka da gidan nan tun rasuwar Baba. Mutum yana shimfiɗa wa duniya hanya, ta gidansu ta ɓace masa! Don Allah kada ka aiko da saƙo, ka zo da ƙafarka.

Ka huta lafiya.
Taka, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ni, na kuma karanta ta fiye da sau ɗaya. Allah ya ba Inna sauƙi, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi da ita.

Na tuna garin sarai. Titi ɗaya ne ya ratsa shi ya gangara har ruwa. Akwai shago mai shuɗiyar ƙofa inda Baba kan saya mana ƙanƙara, mu riƙa tsotsa tana zuba a gwiwar hannu. Akwai kuma tsohon mai jirgin kwalekwale, wanda dokarsa ɗaya ce tak, ba a shiga jirginsa da takalmi. Sai mu tuɓe a gindin babbar bishiyar bakin ruwa, mu taka laka mu hau.

A nan ne abin ya tsaya mini a rai. Wa ke zama da takalman? Inna. Kowace shekara Baba yakan ce, “To, wa zai tsare mana kaya?” kafin ya rufe baki ta riga ta shimfiɗa tabarma. Ki duba hotunan da ke cikin akwatin Baba, ba za ki ga ƙafarta a jirgin ba ko sau ɗaya. Mu muna tsakiyar ruwa muna ihu, ita tana korar ƙudaje daga kan ƙwai. Duk cikinmu babu wanda ya taɓa cewa ta je, shi zai zauna. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Saboda haka na tsara komai. Na yi magana da wani direba mai mota mai sanyi, zai zo ya ɗauke ku. Zai taho da rigar nan da ke hana mutum nutsewa, da malafa, da baƙin tabarau. Wannan karon lallai Inna ta shiga jirgi. Ni ma in Allah ya so zan same ku a can, in ni ne ma sai in tsare takalman.

Batun leda kuwa, har gobe ba ni ba ne.

Ki gaida Inna da kyau.
Yayanki.

*

Yaya,

Sallama dai, da gaisuwa daidai gwargwado, don fushi nake yi da kai. Direbanka ya iso, da riga da malafa da tabarau, da kuma saƙon cewa manyanku za su zo duba gada, ba ka samu fita ba. Inna ta saurare shi har ya gama, ta ce, “Allah ya taimaka.” Da ma ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Duk da haka mun je, bari in ba ka labari ka ji abin da ya wuce ka.

Garin ya tsufa, Yaya, ko kuwa mu ne muka girma. Titin da nake gani kamar ba shi da iyaka, kafin in gama ɓare ƙwai ɗaya mun kai ƙarshensa. Shagon nan yana nan da shuɗiyar ƙofarsa, amma yanzu cajin waya ake yi a ciki. Inna ta sa aka tsaya, ta shafa ƙofar da hannu, ta tambayi saurayin da ke ciki ko akwai ƙanƙara. Ya ce babu. Ta ce, “To ai kun kashe garin.”

Bishiyar tana nan, ta ƙara faɗi. Tsohon mai jirgi ya rasu, ɗansa ne ya gaje shi, ya kuma maƙala wa jirgin inji. Amma da yaran suka ruga za su hau, sai ya ɗaga hannu ya ce, “A tuɓe takalma!” Wallahi sai da na ji hawaye ya zo mini, muryar uban sak.

Na ɗauko rigarka na ce, “Inna, Yaya ya ce yau ke ce a gaban jirgi.”

Ta laluba ta, ta ce, “Wannan ta yi kyau da matashin kai.” Ta sa ta a bayanta ta jingina da bishiya.

'Yan biyu suka roƙa, jikoki suka ja hannunta, mai jirgi ma ya ce zai ɗauke ta a baya har ciki. Ta ce, “Ku dai ku tuɓe ku ba ni. Ni na san abin da ya kawo ni.”

Muka tuɓe. Ta riƙa ɗaukar takalman ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, tana faɗin mai shi, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ta jera su daga babba zuwa ƙarami kamar yadda take yi da can. Sai ta buɗe jakarta ta fito da wani abu a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Takalman Baba ne, Yaya, baƙaƙen nan na zuwa aiki, masu cinyayyen dunduniya. Ban san ta ajiye su ba. Ta goge su da bakin mayafi ta sa a farkon layi. Daga nan ta bar fili kamar faɗin tafin hannu biyu, sannan ta ci gaba da na 'yan biyu.

Ƙaramar jikarta ta ce, “Kaka, kin bar rami.”

Ta ce, “Na sani. Da mai shi.”

Mun zaga tafkin, ruwan na nan kore shar, da tsuntsayen nan farare a kan duwatsu. Ni dai bayana nake ta dubawa. Tana zaune, hannu ɗaya a kan goshi, fuskarta na bin ƙarar injin. Da yamma muka ci soyayyen kifi, yara suka yi barci a mota, muka dawo.

Malafar ta yi mini kyau, na riƙe.

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ki yarda da ni, ba da son raina na rasa zuwa ba.

Amma me ya sa ba ku matsa mata ba? Duk shirin nan don ta shiga jirgin aka yi shi. In tsoron ruwa take yi, ki lallaɓa ki tambaye ta, sai a nemi babban jirgi mai rumfa. Batun takalman Baba kuwa, na kasa ci gaba da karatu daga wurin, sai da na fita na zaga na dawo.

Ki faɗa mini abin da take bukata, in aiko.

Yayanki.

*

Zuwa ga Yayansu,

Ni ce mahaifiyarka. Ina faɗa Auta tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta ƙara gishiri. Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Ya aiki, ya zafi?

An karanta mini takardunka duka biyu. Wai tsoron ruwa! Ni da na tashi a bakin kogi, tun ban iya ɗaura zane ba nake iyo. Mahaifinku ya sani. Shekarar farko ya ce in hau shi ya zauna, na ce a'a, bai sake tambaya ba, don ya gane.

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. A gida, ban taɓa ganinku duka a lokaci ɗaya ba. Kana makaranta, 'yan biyu suna waje, Auta tana bayana, mahaifinku yana kamfani, ya dawo yana warin sabulu ya kwanta. Ni kuma kaina a sunkuye, ko kan tukunya ko kan wanki. Ranar tafki kaɗai nake zama hannuna babu komai, in ɗaga ido in gan ku gaba ɗaya a wuri ɗaya, kuna dariya. Wanda ke cikin jirgi ai ba ya ganin jirgi. Da na shiga, da ƙeyar mai tuƙi zan yi ta kallo.

Takalman kuma su ke ba ni labari. In duba in ga wa ƙafarsa ta ƙaru, wa ke taka gefe, wa ya ɓoye tsinkakken maɗauri don kada a yi masa faɗa. Shekarar da naka ya kamo na mahaifinka a tsawo, na daɗe ina kallonsu a jere, na ce yaron nan ya kusa tafiya. Haka kuwa aka yi.

Don haka ka daina jin tausayina a kan jirgi. Ban yi asarar komai ba, ni na fi kowa morewa.

Wannan zuwan, ba zan ɓoye maka ba, jirgin kamar inuwa na gan shi. Da ya yi nisa sai ya narke cikin hasken ruwa. Na ƙirga kawuna ban iya ba, sai na koma wa takalma. Na kowa na sani a hannuna, har na jikoki. Naka ne ban sani ba. Ban san irin wanda kake sawa yanzu ba, ban san ko har yanzu kana cinye dunduniyar hagu kamar mahaifinka ba.

Ka ce a faɗi abin da nake bukata ka aiko. To, ba na son riga, ba na son tabarau. In aiki ya riƙe ka, ka aiko mini da tsofaffin takalmanka, waɗanda ka gama da su. Mai jirgi ya ce yana nan har iska ta fara kaɗawa. Auta za ta mai da ni, in jera su a gurbinsu, in ɗan zauna. Wannan ma ya isa.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka.

Mahaifiyarka.

(Yaya, ni ce Auta. Ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Tabon da ka gani a ƙasan takardar, ruwan shayi ne.)

*

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina neman gafararki.

Takalman da kika ce in aiko, ba zan ba kowa su ba. Suna ƙafata, kuma dunduniyar hagu ta cinye. Na ajiye musu gadarsu, ranar Juma'a ina hanya. Ki ce wa Auta ta dafa ƙwai, ta kuma taho da leda saboda halin mota.

Zan hau jirgin, in tsaya a tsaye da farar riga, in ce wa mai tuƙi kada ya yi nisa da gaɓa.

Ki bar mini gurbina kusa da na Baba.

Ɗanki.